"Baba, Zauna Ka Huta": Hutun Da Ke Cin Tsofaffi A Jega, Aliero Da Maiyama

Duk wanda ya taɓa kwana a cikin tsohon garin Jega ya san sautin da ke riga kiran assalatu shiga kunne: ƙwas-ƙwas ɗin sanda a ƙasa, da jan silifa, da gyaran murya a bakin lungu. Dattawan unguwa ke nan sun kama hanyar masallaci. Su ne sahun farko, su ne kuma na ƙarshen tashi, domin bayan an shafa addu'a sai an gaisa, an tambayi wanda bai fito ba, an ji ko waye ya kwana da zazzaɓi, ko kuma wa aka yi wa rasuwa cikin dare.

Ka tare ɗaya daga cikinsu ka ce masa motsa jiki yake yi, dariya zai yi maka. A wurinsa motsa jiki aikin sojoji ne da 'yan ƙwallo, ko kuwa 'yan bokon nan da ke sa gajeren wando suna gudu babu mai korarsu. Amma bi shi da lissafi wuni guda. Zuwa masallaci da dawowa sau biyar. Leƙa fadama da hantsi a ga yadda yara ke ban ruwa. Dubiya a wata unguwa, zaman makoki a wata, ɗaurin aure ko raɗin suna idan ranarsu ta kama. Da la'asar sakaliya a tako zuwa majalisa. Kafin ya kwanta ya yi tafiyar da ma'aikacin ofis a Birnin Kebbi ba ya yi a kwana uku, kuma duk takun da ya yi, wajen wani mutum ya kai shi.

Garin kansa ƙafa ta gina shi. Tun a farkon ƙarni na 19, lokacin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara, kasuwarta ta zama matattarar fatake, har da masu doguwar tafiyar nan ta zuwa Gwanja neman goro, wadda akan share watanni ana yi a ƙasa, a bayan jakuna. Jikokin waɗannan mutane ne yau ke tsayar da kabu-kabu don zuwa shagon da ake hangowa daga ƙofar gida.

Wani kawuna, a wani ƙauye da ke ƙasar Maiyama, ya kai shekara saba'in da wani abu yana zuwa gonarsa da ƙafa. Gero da dawa da damina, ɗan lambu da rani. Wata rana ya zame a bakin rijiya ya faɗi a kan kwankwasonsa. Aka ɗauke shi zuwa Aliero, kamar yadda ake ɗaukar masu karaya daga ko'ina a ƙasar nan har da maƙwabta, domin sunan da garin ya yi wajen ɗori bai gaza wanda ya yi wajen albasa ba. Aka ɗora, ƙashi ya kama bakin gwargwado, aka dawo da shi gida. A nan ne abin da nake son magana a kai ya fara.

'Ya'yansa, 'yan albarka ne, suka ce wahalar ta isa haka. Babban ya karɓi gonar. Na birni ya aiko da katifa da rediyo da kujerar roba ta yin salla. Duk lokacin da ya yunƙura zai tashi, sai wani ya taro shi: "Baba, zauna ka huta, me kake so a kawo maka?" Buta a kawo, abinci a kawo, labarin gari ma a kawo, in an tuna. Da farko abokansa na zuwa dubiya kullum. Bayan wata biyu sai ranar Juma'a. Su ma tsofaffi ne, kuma majalisa ba ta tashi daga gindin bishiyarta don mutum guda.

Da na je gaishe shi bayan kaka, ƙafar ta warke, amma mutumin ba shi ba ne. Wanda a da ba a raba shi da barkwanci, ya koma kallon bango. Abinci sai an yi da gaske. Barci ya ƙaurace masa da dare, da rana kuma gyangyaɗi. Na ce, "Kawu, mi ka damunka?" Ya ce, "Ba komi, lahiya lau nike." Matarsa kuwa da ta raka ni zaure cewa ta yi, "Malam tunani ya yi mai yawa."

Tunani. Da wannan kalma muke rufe abubuwa da dama. Idan tsoho ya daina magana, a ce tunani. Idan ya rame ba ciwo, a ce tsufa ne. Idan ya fara manta sunan jikokinsa, a ce gigin tsufa, wasu ma su ce iska ko sammu. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da suna ga abin da ya kama kawuna: ciwon damuwa, wato baƙin cikin da ke zaunewa makonni ba ya ɗagawa, ya kashe sha'awar komai, ya ɓata barci da cin abinci. Ba raunin imani ba ne, ba kuma wani harajin dole ba ne da tsufa ke karɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba ne kan gaba.

Mun daɗe muna yaudarar kanmu cewa wannan ciwon Turawa ne, masu kai iyayensu gidan ajiye tsofaffi. Binciken da Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan suka wallafa a mujallar Lancet a 2007 ya karya wannan zato. Sun tattauna da tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a yankunan da ake jin Yarabanci, suka tarar sama da kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kimanin kashi 7 cikin 100 kuma a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Waɗannan mutane ne da ke zaune cikin dangi kamar namu, a gidajen da ba su rasa hayaniyar jikoki. Ashe mutum na iya zama tsakiyar gida cike da jama'a, kaɗaici na cin sa.

To, ina ƙafa ta shigo a wannan magana?

A wani bincike da aka wallafa a 1999, wasu masana a Jami'ar Duke ta Amurka, ƙarƙashin James Blumenthal, sun ɗauki mutum 156 masu shekara 50 zuwa sama waɗanda likita ya tabbatar suna da ciwon damuwa. Suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ba su ƙwayar magani, kashi ɗaya aka sa su tafiya da sauri ko sassarfa sau uku a mako, na ukun aka haɗa musu duka biyun. Masu shan magani sun riga samun sauƙi, amma da aka cika mako 16, sai aka tarar ba wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin rukunan uku. Da aka sake bibiyarsu bayan wasu watanni, waɗanda suka warke ta hanyar motsa jiki su ne ciwon ya fi ƙarancin dawo wa.

A wani binciken kuma da aka wallafa a 2011, Kirk Erickson da abokan aikinsa sun bi tsofaffi 120 na tsawon shekara guda. Rabinsu suna tafiyar kusan minti 40 sau uku a mako, rabi kuma miƙe-miƙen gaɓoɓi kawai. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, sashen nan da ke riƙe sababbin abubuwan da mutum ya gani ko ya ji, wanda bisa al'ada yake ƙanƙancewa da tsufa, ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100 a wajen masu tafiya, ya ragu a wajen sauran. Kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa kan cutar mantuwa ya lissafa, a rahotonsa na 2024, abubuwa 14 da ake iya kauce musu, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa. A ciki akwai rashin motsa jiki, da zaman kaɗaici, da ciwon damuwa, da hawan jini, da ciwon suga, da raunin ji. Ka sake duba jerin. Tsohon da aka zaunar a ɗaki yana iya tara uku na farko a wata shida, sauran kuma suna biyo baya a hankali.

Yadda abin ke aiki ba ɓoyayye ba ne. Tafiya na ƙara gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa, tana sassauta hawan jini da sukari. Wanda ya ga hasken safiya ya kuma ɗan gaji da rana, barcin dare ba ya yi masa gardama, mai barci kuwa ba ya kwana saƙa da warwara. Cinya mai ƙarfi tana tayar da mutum daga tabarma ba sai an kama shi ba, ta kai shi bayan gida shi kaɗai, kuma babu abin da ke karya zuciyar dattijo irin ranar da ya ga sai surukarsa ko jikansa sun riƙe shi zuwa makewayi.

Sai dai akwai wani abu a binciken Duke da nake ganin ya fi shafarmu. Waɗancan mutanen ba kowa shi kaɗai ya yi tafiyarsa ba. Taruwa suke yi, akwai mai lura da su, akwai wanda zai tambaya idan ba a gan ka ba. Masanan kansu sun san da wuya a raba amfanin motsin da amfanin haɗuwar. Mu kuwa ba mu taɓa raba su ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ranar da kawuna ya daina zuwa gona, ba tafiyar kaɗai ya rasa ba: ya rasa mai shayin da yake tsayawa wajensa, da maƙwabcin gonar da suke gardamar iyaka shekara talatin, da matasan da ke tambayarsa ko wannan hadarin na shuka ne. Ya rasa masu buƙatarsa.

Kada wani ya ji wannan ya ce, to ai tsofaffin karkara sun tsira, tunda noma suke yi. Ba haka ba ne. Je ka fadamun Aliero lokacin dashen albasa da sanyi, ko lokacin cira idan zafi ya fara shigowa. Za ka ga masu furfura a duƙe tun safe har azahar, wasunsu ma ba a lambunsu ba, ƙwadago suke yi don abin da za a ɗora a murhu. Wannan ba shi ne abin da likita ke nufi ba. Masu bincike a Turai sun lura cewa aikin ƙarfi na dole, mai tsawon sa'o'i babu hutu, ba ya ba jiki amfanin da motsa jiki na ganin dama ke bayarwa. Tsohon da ke duƙe a kan kunya yana lissafin bashin taki da kuɗin man injin ban ruwa, yana fargabar albasar da ya zuba a rudu za ta ruɓe kafin farashi ya tashi, ba sauƙin zuciya yake samu ba. Ciwon baya ne da ciwon gwiwa, da ƙarin tunani. Tsofaffinmu kashi biyu ne: waɗanda talauci ya hana su hutu, da waɗanda gata ya hana su motsi. Na farkon kowa na ganinsu yana tausaya musu. Na biyun kuwa har barka ake yi musu.

Akwai kashi na uku ƙarami da ke ƙaruwa a Jega da kewayen jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006: 'yan fansho. Ma'aikacin gwamnati na ajiye aiki idan ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki. Jiya yana da tebur da masinja da masu jiran sa hannunsa, yau ba wanda ke neman sa. Wanda ya haɗa da noma ko kasuwa tun yana aiki, shi ke tsira. Wanda bai haɗa ba, sai kujera da talabijin da jiran ƙarar waya a ƙarshen wata.

Lamarin mata ya fi ɗaure kai, kuma shi aka fi yin shiru a kansa. A al'adarmu tsufa 'yanci ne ga mace. Wadda ta yi shekaru ba ta fita sai da dalili, idan ta manyanta ita ce mai zuwa unguwa, ita ce 'yar rakiyar amarya, ita ce mai zaman jego, ita ce mai kai saƙon biki ƙauye-ƙauye. Shi ya sa za ka ga tsohuwa mai shekara saba'in ta fi 'yarta mai arba'in ƙarfin ƙafa. Amma ayyukan cikin gida da suka riƙe jikin iyayenmu mata sun ragu. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse, ya rage na turmi. Inda aka samu famfo, guga ya huta. Ba na kukan wannan, kuma duk namijin da ke kukansa a ba shi taɓarya ya gwada surfen kwano biyar. Abin lura shi ne babu abin da ya maye gurbinsu.

Sannan ga takaba. Wata huɗu da kwana goma mace na zaune a gida bayan rasuwar mijin da watakila ta yi shekara hamsin tare da shi. Wannan hukuncin addini ne, ba shi nake ƙalubalanta ba. Abin da jama'a suka ɗora a kai shi ne matsalar: a wasu gidaje mai takaba ba ta ko zagaya tsakar gida, ana ganin zama wuri guda da sunkuyar da kai shi ne cikar juyayi. Addini bai hana ta shara ba, bai hana ta ba awaki dusa ko ɗaukar jika ba. Wata huɗu a kan tabarma sun isa su narkar da naman cinyar tsohuwa, a daidai lokacin da zuciyarta ta fi rauni. Da yawa sukan fita takaba, amma ba su sake fita unguwa ba.

Me ake buƙata? Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda numfashi zai ɗan ƙaru amma ana iya hira. Minti 30 ke nan a kwana biyar, kuma ba dole sai a jere ba, ana iya tsinka shi. Ta ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, da na daidaita tsayuwa kwana uku don gudun faɗuwa. Wani nazari da ya haɗa bincike 15, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa ga masu shekara 60 zuwa sama, amfanin tafiya wajen tsawon rai yana kai ƙololuwa tsakanin taku 6,000 zuwa 8,000 a wuni, ba sai dubu goman nan da wayoyi ke ƙirgawa ba.

Fassara wannan da rayuwar garuruwanmu irin su Sabiyal ko Andarai ko Kimba ba wuya. Masallacin da ke ɗan nesa maimakon na ƙofar gida, ga shi malamai sun sha faɗa mana kowane taku yana da lada. Tashi daga kujera a zauna sau goma ba tare da dafa hannu ba. Tsayuwa da ƙafa ɗaya a jikin bango. Ita kanta salla, raka'a 17 na farilla a wuni, da ruku'u 17 da sujada 34, tana motsa gwiwa da baya da idon sawu fiye da yadda muke lura, ko da yake ba don haka aka wajabta ta ba, kuma ba ta maye gurbin tafiya. Wanda larura ta sa shi salla a zaune, shari'a ta ba shi sauƙi. Amma na ga waɗanda aka saya wa kujerar masallaci saboda ciwon mako biyu, suka zauna a kanta har ƙarshen rayuwa.

Yanayin ƙasar ma sai an yi masa biyayya. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kebbi yakan haura digiri 40, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, don haka tafiyarsa ta zama bayan asuba ko gab da magariba, da ruwa a kusa. Da hunturu ƙura na tayar da tari da asma. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin ma'aikacin lafiya, kuma ciwon ƙirji ko jiri ko ɗaukewar numfashi alama ce ta a tsaya nan take. Wanda damuwarsa ta kai ga ƙin abinci sam, ko yana ambaton gara ya mutu, wannan ya wuce batun tafiya, asibiti za a kai shi, ko da kuwa sai an dangana da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Wanda ke kan magani kuma kada ya ajiye shi don ya fara zagaya gari.

A kan takarda Najeriya ta yi tanadi. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, an kuma sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1958. Kafin waɗannan su iso garuruwanmu irin su Mungadi akwai sauran tafiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne, mafi yawansu a manyan birane. Zimbabuwe ta fuskanci irin wannan ƙaranci, sai likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna abin yana aiki. Sunan da mutanen can ke kiran ciwon da harshen Shona ma'anarsa yawan tunani, daidai da abin da matar kawuna ta faɗa a zaure. Jega na da kwalejin horar da ma'aikatan lafiya. A ganina, da ɗaliban da ke fitowa daga can za su riƙa ƙara tambaya biyu bayan awon jini, "Baba, yaushe rabonka da fita?" da "Wa kake hira da shi?", da sun kama abin da na'urar awo ba ta nunawa. Masu ɗori na Aliero ma suna da murya a nan, domin maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen mai karaya. Ranar kwance ɗori ita ce ranar da ya kamata a gaya wa iyali cewa saura aikin tayar da shi.

Kawuna dai ba likita ya tayar da shi ba, ba kuma ni ba. Akwai jikarsa 'yar shekara bakwai da yake kira amarya, tana kiransa angonta, irin wasan nan na kaka da jika. Aka sa ta makarantar allo a can gefen gari, ta kafe ba za ta bi sauran yara ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakinsa da allonta a hammata.

"Tsoho, in ba ka raka ni ba, na sake miji."

Uwarta ta daka mata tsawa daga madafa, ta ce ta bar Baba ya huta. Shi kuwa ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a miƙo masa sandarsa. Ranar farko a bakin zaure ya tsaya, yana haki. Bayan mako biyu yana kai ta har gindin bishiyar da abokansa ke zama, ta wuce, shi ya zauna jiran a taso su. Da na koma da bazara ban same shi a gida ba. Aka ce ya tafi duba iyakar gona, wai ya ji maƙwabcin nan nasa ya matsar da dutse.